Kwana Uku A Porto, Garin Kifi Da Tsohon Darakta

Shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Fagge ko Tudun Wada ka ambaci Porto, ba za ka rasa mai ba ka labari ba. Wani zai tuno maka 2004, shekarar da Jose Mourinho ya ɗauki kofin zakarun Turai da kulob ɗin bayan sun lallasa Monaco da ci 3 da nema. Mai furfurar cikinsu zai ce kai yaro ne, ka koma 1987 ka ga yadda Rabah Madjer ɗan Aljeriya ya zura wa Bayern ƙwallo da dunduniya. Mutanen Kebbi kuwa nasu tinƙahon daban ne: Zaidu Sanusi ɗan Jega, wanda ya koma Porto a 2020, shi ya ci Benfica ƙwallo ɗaya tilo ana dab da tashi ranar 7 ga Mayu, 2022, ƙwallon da ta ba kulob ɗin kofin lig na 30.

To amma mu nan fim ne sana'armu, kuma Porto garin fim ne tun kafin a san ana kallon ƙwallo a talabijin. A nan wani mutum mai suna Aurélio Paz dos Reis ya ɗauki fim na farko da ɗan ƙasar Fotugal ya taɓa ɗauka, a 1896. Ba wani labari a ciki, ma'aikata ne kawai ke fitowa daga wata masana'antar ɗinka riguna a titin Santa Catarina. A nan kuma aka haifi Manoel de Oliveira, daraktan da ya fara aiki a zamanin fim marar magana, ya kuma kai zamanin dijital bai ajiye kyamara ba. Saboda shi na ware wa garin kwana uku.

GARIN DA BA YA SON MAI CIWON GWIWA

Porto ce birni na biyu a Fotugal bayan Lisbon, tana can arewacin ƙasar, daidai inda kogin Douro ke shirin faɗawa tekun Atilantika bayan ya taso tun daga Sifen ya yi tafiyar kusan kilomita 900. Su mutanen garin "Doru" suke cewa. Sunan ƙasar ma daga nan ya samo asali, daga tsohon sunan wurin na zamanin Rumawa, wato Portus Cale.

An gina garin ne a jikin tudu, saboda haka tafiya iri biyu ce kawai a Porto: ko kana hawa, ko kana gangara. Wanda ya saba hawan Dala sau ɗaya a shekara ya shirya, nan kullum ne. Idan ka bi gangaren har ƙarshe, ta cikin lunguna masu daɓen duwatsu inda mota ba ta shiga, za ka ɓulla unguwar Ribeira a bakin ruwa. Gidajen sirara ne dogaye, hawa huɗu ko biyar, sun jingina da juna, wani ja wani rawaya wani shuɗi, ga shanya a tagogi. Hukumar UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1996.

Abin da zai fara ɗauke maka ido shi ne gadar Dom Luís, ƙatuwar gadar ƙarfe mai hawa biyu da aka buɗe a 1886. Bakanta guda ɗaya ya kai mita 172. Jirgin ƙasa na cikin gari ke bi ta sama, ƙasa kuma ga masu tafiya da kafa da ababen hawa. Baƙi da yawa na cewa Gustave Eiffel mai hasumiyar Faris ne ya yi ta. Ba shi ba ne. Tsohon abokin aikinsa ne, Théophile Seyrig. Gadar kamfanin Eiffel tana can gaba kaɗan, sunanta Maria Pia, an gama ta a 1877.

A TEBURIN BAKIN RUWA

Gidajen abinci sun jeru reras a bakin kogin, yawancinsu a cikin wasu tsofaffin rumfunan dutse da ke jikin ganuwar garin. Na zaɓi wani ƙarami mai tebura a waje, inda nake hango gadar a hagu, ga jiragen katako da ake kira rabelo suna lilo a kan ruwa. Da can su ke ɗauko gangunan giyar inabi daga gonakin da ke can sama. Tsallaken kogin, a garin Gaia, duk manyan rumbunan giyar ne, sunayen kamfanoninsu ɓaro-ɓaro a kan rufi. Wannan giya ita ta kai sunan Porto duniya kafin ƙwallo. Mu dai namu ido.

Kafin ka ce komai za a dire maka burodi da zaitun da man shanu, wani lokacin har da cuku. Kada ka ɗauka karamcin Bahaushe ne na ba baƙo ruwa. Abin da ka taɓa za ka gan shi a takardar kuɗi, abin da ba ka taɓa ba a kwashe. Al'adarsu ce a duk ƙasar, ba cuta ba ce, kuma in ka ce ba ka so ba wanda zai ji haushi.

Daga nan aikin ya fara. Musulmi a Porto sai ya buɗe ido, domin abincin da garin ya fi alfahari da shi guda biyu ne, kuma duka biyun ba namu ba ne. Na farko shi ne francesinha. A ido abin sha'awa: burodi ne aka cusa wa nama iri-iri, aka lulluɓe da narkakken cuku, aka ɗora ƙwai a kai, aka kwarara jar miya, ga soyayyen dankalin Turawa a gefe. To a cikin naman nan akwai alade kala biyu ko uku, miyar kuma da giya ake haɗa ta. Ko an cire maka naman, miyar tana nan. Na biyu shi ne tripas, wato tumbin saniya da farin wake. Da jin wannan sai ka ce ai farfesun kayan ciki ne irin namu. Ina! Ana jefa masa tsiran alade, wani lokacin har da kunnensa.

Labarin tripas ɗin ya fi ɗanɗanonsa amfani a wurinmu. Mutanen garin suna ba da labari cewa a 1415, da ake haɗa rundunar jiragen ruwa da za ta je yaƙi, sai suka ba sojoji duk naman da ke garin, su suka zauna da tumbi da hanji. Shi ya sa har yau ake musu laƙabi da tripeiros, maciya tumbi, kuma suna amsawa da fara'a. Batun naman dai labarin kaka da kakanni ne, amma yaƙin ya faru. Garin da aka je ci shi ne Sabta, wanda Turawa ke kira Ceuta, birnin Musulmi a gaɓar Maroko. Wanda ya shirya jiragen Porto kuwa Yarima Henrique ne, haifaffen garin a 1394, kuma gidan da ake cewa a ciki aka haife shi yana nan bayan gidajen abincin, tafiyar minti kaɗan. Shi ne ya riƙa tura jirage suna bin gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a gabansa aka raba bayi 235 da aka kamo daga Afirka a 1444, a wani gari na kudancin Fotugal mai suna Lagos. E, Lagos. Sunan da Turawan Fotugal suka laƙaba wa Ikko ke nan daga baya. Ina zaune ina kallon ruwan da jiragen farko suka bi, abin ya tsaya mini a rai.

Ma'aikacin da ya zo ɗaukar oda dattijo ne mai farin gashin baki. Na ce masa "sem porco, sem vinho", ma'ana ba alade, ba giya. Mai niyyar zuwa ya haddace waɗannan kalmomi huɗu tun daga gida. Bai nuna mamaki ba. Ya sa yatsa a takardar ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Miyar ganye da ake kira caldo verde ba laifi, amma sai a hana jefa yankan tsiren da suke sawa a kai. Shinkafa da kayan teku, ya ce in bari, mai dafawa na zuba farar giya. Har kayan zaƙi ya gargaɗe ni a kan guda, wani mai kama da kek ɗin ƙwai da ake kira pudim Abade de Priscos, wanda da kitsen alade ake yin sa. Wa zai yi zaton alade a cikin abin zaƙi?

Aka tsaya a kan kifi, kuma a nan Porto ta biya ni.

Sarkin abincin Fotugal shi ne bacalhau, a faɗa "bakalyau". Abin dariya, ba a kama wannan kifi a ruwansu, mafi yawansa daga Nowe da Aisland ake kawo shi. Ɗan'uwan busasshen kifin nan ne mai tauri kamar itace da 'yan kudu ke sawa a miya, wanda Ibo ke kira okporoko. Bambancin shi ne na Fotugal sai an cika shi da gishiri kafin a shanya. Kafin a dafa sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana canza ruwa. Suna cewa wai suna da hanyar dafa shi 365, kowace rana da tata. Wanda aka kawo mini ɗan asalin unguwar ne, sunansa bacalhau à Gomes de Sá, sunan ɗan wani mai fataucin kifi da ya ƙirƙiro shi a Ribeira a ƙarni na 19. Ana ɓare kifin a tsoma a madara mai zafi ya yi laushi, a haɗa da dafaffen dankali da albasa da tafarnuwa, a malala man zaitun, a gasa a tanda, sannan a yanka dafaffen ƙwai a kai tare da baƙin zaitun. An kawo shi a kaskon ƙasa yana tsuwa.

Gaskiya ɗaya: ba yaji. Ko ɗis. Bakin da ya saba da attaruhu zai ji kamar an manta wani abu. Sai na nemi piri-piri, wani man barkono da suka koyo ta hanyar ƙasashen da suka mallaka a Afirka irin su Mozambik da Angola, na ɗiga. Malam, sai ga abinci ya tashi! Kifin na rabewa sala-sala, gishirin ya zauna daidai, albasar ta narke ta yi zaƙi. Washegari na koma na ci gasasshen sadin, ba irin na gwangwani ba, ɗanye ne aka barbaɗa wa gishiri aka ɗora a garwashi, ana ci a kan burodin masara. Shi ne abincin daren São João, 23 ga Yuni, lokacin da duk garin ke fitowa titi ana ƙwanƙwasa wa juna gudumar roba a ka.

YARAN KOGI DA FIM ƊIN 1942

Ina cikin cin abinci na ji ihu da tafi. Wasu samari ne suka haye ƙarfen gadar ta ƙasa, daga su sai gajeren wando. Ɗaya na zagayawa yana karɓar kuɗi a hannun baƙi, in sun taru sai ɗayan ya daka tsalle ya faɗa kogi. Duk wanda ya kalli Aniki-Bóbó zai ji kamar fim ɗin ne ya fito daga allo.

Manoel de Oliveira ya fitar da shi a 1942, baƙi-da-fari, kuma yaran unguwa ya ɗauka waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Sunan fim ɗin daga wata 'yar waƙar ƙirga ce da yara ke yi don raba wane ne ɗan sanda wane ne ɓarawo a wasa. Labarin kuwa, wallahi kamar a Kano aka rubuta shi. Maza biyu, mace ɗaya. Carlitos yaro ne mai kunya, Eduardo shi ne shugaban gungu mai ƙarfi da baki, dukkansu suna son Teresinha. Yarinyar ta ƙyalla ido ta ga wata 'yar tsana a wani kanti mai suna Shagon Jaraba. Carlitos ba shi da ko sisi, sai ya sace ta, ya bi ta rufin gidaje cikin dare ya kai mata. Daga baya Eduardo ya zame daga kan wani tudu ya faɗa kusa da layin dogo jirgi na wucewa, kowa ya ce Carlitos ne ya tura shi. Ba zan ƙarasa maka ba, nemi fim ɗin.

Abin da ya kama ni shi ne yadda garin kansa ya zama jarumi. Matakalar dutse, bakin kogi, jiragen kaya, rufin gidaje, duk suna aiki a labarin. Bayan shekara fiye da 80 na tsaya a wuraren da aka ɗauka na gane su. Nan na tuna finafinanmu. Sau nawa ka ga Kurmi, ko marinar Ƙofar Mata, ko kwale-kwalen Yawuri sun zama wurin da labari ke gudana, ba wurin da jarumi zai gifta a mota ba? Mafi yawan lokeshin ɗinmu falo ne da labule da kujerun kushin, sai lambun otal in za a yi rawa. Na san uzurin: jama'a na taruwa, hayaniya na ɓata sauti, kuɗin furodusa ba ya kai wa. Uzuri ne na gaske. Amma yaron da za a haifa nan da shekara 50, in yana son ganin yadda Kano take a zamanin Sangaya, falon wani Alhaji kawai zai gani.

Kada kuma a zaci shi Oliveira ya sha da daɗi. Fim ɗinsa na farko, Douro, Faina Fluvial, gajere ne marar magana a kan 'yan dako da masunta na wannan bakin kogi. Da aka nuna shi a Lisbon a 1931, yana ɗan shekara 22, 'yan ƙasarsa suka yi masa ihu, wai ya tona asirin talaucinsu a gaban baƙi, alhali baƙin su yabawa suka yi. Aniki-Bóbó ma bai yi kasuwa ba da ya fito. Ga gwamnatin kama-karya ta Salazar da hukumar tace finafinanta. Sai da ya shekara 21 kafin ya sake fitar da dogon fim, a 1963, kuma a shekarar 'yan sandan ciki suka tsare shi na wasu kwanaki. A tsakanin nan harkar gona da kasuwancin gidansu ya koma.

Sai da ya tsufa kasuwarsa ta buɗe. Daga wajen 1990, yana da shekara sama da 80, kusan duk shekara sai ya fitar da fim. John Malkovich, mugun nan na Con Air, ya fito a finafinansa, haka ma Catherine Deneuve ta Faransa. Bikin Cannes ya ba shi kambun girmamawa a 2008. Dogon fim ɗinsa na ƙarshe ya fito a 2012 yana da shekara 103, ya mutu ranar 2 ga Afrilu, 2015, yana da 106. Akwai ma wani da ya ɗauka tun 1982 a kan gidansa da rayuwarsa, ya ce kada a saki sai bayan ransa. Aka adana shi shekara 33, aka fito da shi garau. Mu kuwa je ka nemi kaset mai kyau na Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, ka ga wahalar da za ka sha. A 2019 aka buɗe gida na musamman don ayyukan Oliveira a gidan tarihi na Serralves. Tsohuwar sinimar Batalha ta 1947 ita ma an gyara ta an sake buɗewa a 2022. Masu son finafinan aljanu da ban tsoro kuma suna da bikinsu, Fantasporto, wanda aka fara tun 1981.

SAURAN YAWO

Tashar jirgin ƙasa ta São Bento kyauta ake shiga, kuma ta fi wasu wuraren da ake biya. An lulluɓe bangon zaurenta da tayil masu zanen shuɗi kusan 20,000, aikin Jorge Colaço. A ɗaya daga cikin zanen ga Yarima Henrique nan a Sabta, yana tsaye da takobi. Sunan tayil ɗin, azulejo, daga Larabci yake, kamar yadda azeite, man zaitun, da açúcar, sukari, suke. Kalmar da ta fi ba ni mamaki ita ce oxalá, a faɗa "oshala", wadda suke amfani da ita in suna fatan abu. Asalinta kalmar Larabci ce mai ma'anar in Allah ya so. Musulmi sun shigo yankin a 711. Porto ba ta daɗe a hannunsu ba, domin a 868 Kiristoci sun riga sun kafu a cikinta, amma kudancin ƙasar ya kai ƙarni biyar. A fadar 'yan kasuwa ta Bolsa akwai wani zaure da ake kira Ɗakin Larabawa, wanda aka gama a 1880 ana kwaikwayon fadar Alhambra, bango duk ruwan zinare da rubutun Larabci. Darakta mai neman fadar sarki a fim zai yi kuka in ya gan shi.

Hasumiyar Clérigos mai mita 75 tana da matakala sama da 200, na hau, na sauko, gwiwa ta faɗa mini gaskiya. Kantin littattafai na Lello kuwa, wanda aka buɗe a 1906, layi ne har titi kuma tun 2015 sai da tikiti ake shiga, saboda jita-jitar cewa daga matakalarsa J.K. Rowling ta samo makarantar Harry Potter. Gaskiya ta zauna a Porto tana koyar da Turanci a farkon shekarun 1990, amma a 2020 ta fito ta ce ba ta taɓa shiga kantin ba. Layin bai ragu ba. A ganina, in lokacinka kaɗan ne ka wuce.

Wani abu da ba a nunawa a katin hoto: ka duba ƙofofin Ribeira za ka ga ƙananan alluna masu haruffa AL, alamar gidan an mai da shi masaukin baƙi na kwana biyu ko uku. Suna da yawa. Haya ta yi tsada, jikokin 'yan dakon da Oliveira ya ɗauka a 1931 da yawansu sun koma bayan gari. Tsofaffin matan da ke leƙowa ta taga suna kallon masu jan akwati su ne ragowar. Ni ma da akwatina na zo.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin da ke titin Heroísmo, kusa da tashar Campanhã. Ba hasumiya ba kubba, in ba a nuna maka ba za ka wuce. Sahu ya haɗa 'yan Bangaladash da Maroko da mutanen Gini Bisau, wadda Fotugal ta mallaka har 1974, cikinsu har da Fulani. A wurinsu za ka ji inda ake samun naman halal da shinkafa mai yaji in kifi ya ishe ka.

Tsaraba kuwa a kasuwar Bolhão na yi ta, wadda aka sake buɗewa a 2022 bayan gyara. Sadin na gwangwani ne a cikin man zaitun, an naɗe kowane da takarda mai zane kamar turare. Na sayi shida. Mai kantin ta so ta haɗa mini da wani tsire mai suna alheira, wanda ake cewa Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci a 1497 ne suka ƙirƙiro shi da naman kaza da burodi, suna ratayewa a gida don maƙwabta su ɗauka alade suke ci. Na juya takardar na karanta abin da ke ciki. Na zamanin yanzu da alade ake yi. Na ce mata "obrigado", ta ƙara mini gwangwani biyu a madadinsa.